Abin da Na Gani a Dandalin da Mota Ba Ta Shiga

Zuwa ga Yaya Abdulfattah, sanyin idona, inuwar da zuciyata ke fakewa a cikinta idan rana ta take, ƙamshin ƙasar fadama a ranar ruwan farko, amincin Allah ya lulluɓe ka a duk inda wannan takarda ta same ka.

Kafin komai ka yafe mini. Ka yafe wa hannun da ya ɗauki biro, ka yafe wa idon da bai taɓa iya tsayawa a kan fuskarka ba amma yau ya iya kallon sunanka a rubuce. Na san a gidanmu ba a san 'ya mace da fara aika takarda ba. Na kuma san tun ranar da kawunka ya zo wurin Baba nema maka aurena, Baba ya ce a dakata sai na gama sakandare, abin da aka bar mana shi ne ina wuni da lafiya lau, su ma daga nesa. Ban taɓa ƙetare wannan iyakar ba. Ko sunanka ban taɓa furtawa a gaban mutane ba, idan ya zama dole sai in ce ƙanen Yaya Larai. Yau ga shi na rubuta shi da haruffansa duka, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na ɗora kunyar a gefe guda, na ɗora abin da ke gabanmu a ɗaya gefen, sai na ga kunya ta fi sauƙin ɗauka.

Shekaranjiya da hantsi yayarka, Yaya Larai, ta shigo gidanmu ta ce ta zo aron rariya. Ta gaida Inna, ta gaida kakata Hajja, sannan ta ja hannuna zuwa bayan rumbu, rariyar ma ta manta da ita. A nan ta faɗa mini, tana share ido da bakin mayafi, cewa ka sami mai sayen injinka na ban ruwa, cewa kwalekwalenka ma ka sa shi a kasuwa, cewa da zarar an yanke shinkafa an buge ta za ka hau motar arewa: Agadas, sai Sahara, sai teku. Ta ce ba wanda ya sani sai ita. Ta ce sunan birnin nan na ƙasar Sifen da muka je gasar makarantu ba ya barin bakinka, har ka fi ni iya faɗinsa. Ta ce da ta rufe ka da faɗa sai ka yi dariya, ka ce ai kai ɗan ruwa ne, wanda ya tashi a bakin Kogin Haɗeja teku ba zai ba shi tsoro ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kai ne kuwa, Yayana? Kai da ba ka tura kwalekwale sai ka duba sama ka duba launin ruwa? Kai da tsofaffin masunta ke cewa yaron nan yana da natsuwar dattawa? Wane iska ne ya shiga tsakaninka da hankalin da na fara so kafin in san ina son mai shi?

Na san inda ƙayar ta soke ka. Ranar da muka dawo, gida ya cika da masu sannu da zuwa, mata a tsakar gida, maza a zaure. Kana cikin na zauren, don na ga takalmanka a bakin ƙofa, kuma ko an zuba su cikin na masallacin Juma'a zan tsamo su. Ana ta tambayata, ina ta ba da labari, farin ciki ya kwance mini harshe har na ce duk wanda bai ga dandalin da ke tsakiyar birnin nan ba da sauransa a kallon duniya. Sai Hajja ta ɗaga murya, da gangan don zaure ya ji, ta ce, "To masu kamun tarwaɗa sai a naɗe komar kifi! 'Yar nan ta sha ruwan Turai, yanzu sai mai kai ta can." Mata suka yi shewa, zaure ya ɗauki dariya. Da na leƙa daga baya takalmanka ba sa nan.

Haba, Yaya! Hajja ce fa. Hajjar da tun kana yaro take ce maka mai kan gwanda, take korarka da muciya sannan ta cika maka aljihu da dakuwa. Wasan kaka ne, irin wanda ake mayar wa da martani a wuce. Da ka ce mata ita ma tarwaɗar ce ke riƙe da haƙoranta biyu da suka rage, da ta fi kowa dariya. Me ya sa a wannan karon kaɗai ka ɗauki wasanta ka mai da shi hukunci? Me ya sa ka tafi da shi gona, ka kwana da shi, ka tashi da shi, har ya girma ya zama Sahara?

Ka tuna bara, da ruwa ya cinye hanyar makarantarmu, kai ne kake tsallakar da mu kowace safiya? Ina zaune a tsakiya, jakata a ka, gabana na faɗuwa duk lokacin da kwalekwalen ya karkata. Ba ka waiwayo ba, ka ce, "Riƙe gefe, Nuriyya. Kada ki kalli ruwa, kalli gaba." Wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinka, kuma tun daga ranar sunan ya canza mini ɗanɗano. Ka tuna da Malama Aisa, malamarmu ta kimiyya, ta ce za mu gwada yin gawayi da kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa? Muka rasa mai shiga ya yanko mana. Ba wanda ya roƙe ka. Da safe muka tarar da dammuna jingine a ƙofar makaranta, ruwa na ɗiga daga gindinsu, a saman na ƙarshe an soke furen bado guda ɗaya. Ƙawayena suka yi ta zunɗena, na yi kamar ban gani ba. Na gani, Yaya. Na kuma ga tafin hannunka bayan nan, yadda kaifin ganyen ya tsattsaga shi. Gawayin da ya kai mu Turai daga wannan hannun ya fito. To wa ya gaya maka kai ne aka bari a baya?

Yanzu ka ba ni kunnenka, zan ba ka labarin dandalin nan cikakke, har da ɓangaren da mata ba su ji ba.

Abin da na faɗa a tsakar gida gaskiya ne, ba zan janye ko kalma ɗaya ba. Mun bi wani siririn lungu, muka shiga ta wata ƙofa mai baka kamar ta tsohuwar ganuwa, sai kawai sama ta buɗe. Fili ne mai kusurwa huɗu, dogayen gidaje masu launin jan ƙasa sun kewaye shi kafaɗa da kafaɗa, kowace taga da 'yar barandarta ta baƙin ƙarfe. A ƙasan gidajen rumfuna ne na dutse sun zagaye filin, mutum zai kewaya shi duka ruwan sama bai taɓa shi ba. Daɓen kuwa duwatsu ne ƙanana aka jera, tafin ƙafar mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakan Hajja ya goge su har suna sheƙi. A tsakiya wani sarkinsu na da ne aka ƙera da tagulla a kan doki. Ba mota, ba babur, ba mai hon, ba mai ce maka matsa. Ni da na ga haka sai na ja hannun Malama na ce mu raɓe, an tare hanya, wani babba zai wuce. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai nan kullum haka yake, ƙafa kaɗai aka yarda ta shiga. Mai yi mana jagora ta ce ɗaruruwan shekaru ke nan ana cin kasuwa a wurin, ana biki, ana yanke hukunci. Ga tattabaru suna yawo tsakanin ƙafafun mutane, sun yi ƙiba, ba yaron da ya ɗaga musu danƙo. Ga tebura ƙarƙashin manyan laimomi, mutane na kurɓar shayi kamar lokaci bawansu ne. Na ga wani tsoho da tsohuwarsa, kansu fari fat kamar audugar rimi, suna tafe a hankali, ita ta saƙala hannunta a nasa, idan ta tsaya ya tsaya. Wallahi a nan na tuna ka. Na sunkuyar da kai don kada Malama ta karanta fuskata.

Wannan shi ne rabin da aka ji. Ga ɗaya rabin.

A bakin ɗaya daga cikin ƙofofin akwai samari baƙaƙe irinmu, sun shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa, sun jera jakunkuna da tabarau da huluna. Abin da ya ja idona shi ne kowane zane an ɗaure masa igiya a kusurwoyinsa huɗu, igiyoyin sun haɗu a hannun mai kayan, kuma ba ya sakinsu. Yana ciniki suna hannunsa. Yana miƙa kaya da hannu ɗaya, ɗayan na damƙe. Idonsa ba ya kan mai saye, yana can kan ƙofofi, daga wannan zuwa waccan, kamar idon zomo a gonar da aka girbe. Na ce, "Malama, dubi igiyar nan, ta mece ce?" Sai ɗaya daga cikinsu ya ɗago kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya ce, "'Yar'uwa, Hausa nake ji ko kunnena ne?"

Ba zai girme ka da yawa ba. Dogo ne, siriri, da 'yar tsaga a gefen ido. Ya durƙusa ya gaida Malama, igiyar na hannunsa. Da ya ji daga Haɗeja muke sai ya ce, "Kai! Garin kifi da tattasai. Ashe zan sake jin wani ya faɗi sunan nan." Ya ce sunansa Sunusi. Na tambaye shi garinsu, ya yi murmushi ya ce, "Wannan kam bar shi, ƙanwata, kada wata rana ki haɗu da tsohuwata a mota." Akwai sauran ƙuli-ƙulin da Hajja ta ƙulle mini a jaka, na miƙa masa. Bai ci ba. Ya kai shi hanci ya rufe ido, ya daɗe a haka, har na kau da kai don na ga abin ba na kallo ba ne.

Malama ta tambaye shi ta wace hanya ya zo. Ya ce ta ƙasa, sannan ta ruwa. Ta ce bai ji tsoro ba? Ka saurari amsarsa, Yaya, don saboda ita na ɗauki biro. Ya ce, "Malama, ni ma ɗan bakin gulbi ne, kafin in iya tafiya na iya iyo. Da wannan na yi wa kaina ƙarya. Waɗanda suka fi ni iya iyo suna can ƙasan ruwan. Yanzu ko wanka nake ba na yarda ruwa ya rufe mini fuska."

Daga nan ya roƙi Malama wata alfarma, ya miƙa mata wayarsa. Ya ba na kusa da shi riƙon igiyoyinsa, ya kakkaɓe rigarsa, ya shafa kansa, ya taka har gindin dokin tagullan nan, ya tsaya, hannu ɗaya a aljihu, ya saki wani murmushi mai faɗi kamar duk gidajen nan na ubansa ne. Malama ta ɗauke shi hoto. Ya dawo da sassarfa ya karɓi igiyoyinsa kafin ma ya karɓi wayar. Ya ce, "Na tsohuwa ne. Duk Juma'a sai na aika mata, ta nuna wa maƙwabta."

Bai rufe baki ba wani ya yi fito daga can ƙofar. Ashe 'yan sanda ne ke tafe, ni ban ma gan su ba tukuna. Abin da na gani shi ne hannaye sun fizga a lokaci ɗaya, zannuwan nan suka tattare kansu suka zama ƙunshi, ƙunshin ya hau kafaɗa, samarin suka ɓace cikin lungu kamar ƙasa ta haɗiye su. Ba sallama, ba waiwaye. Tabarau ɗaya ya faɗi yana juyi a kan dutse. Masu shan shayi ba su ajiye kofunansu ba. Tattabarun ma ba su tashi ba, Yayana, domin su suna da izinin zama a wurin.

Za ka ce me ya hana ni faɗin wannan tun ranar. A cikin matan da suka zo sannu da zuwa akwai mahaifiyar abokinka Tasi'u, wanda ya bi hanyar nan shekarun baya. Ta matso kusa da ni ta buɗe waya, ta ce, "Irin wurin da Tasi'una yake ke nan ko?" Na duba. Yana tsaye a wani dandali, hannu ɗaya a aljihu, yana murmushi. Me zan ce mata a gaban jama'a? Na ce mata irinsa ne. Ban san halin da Tasi'u yake ciki ba, Allah ya sa yana cikin alheri, ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Na dai san kai ma ana turo maka irin hotunan nan, na kuma san yanzu cewa hoto yana da gefe, kuma a gefen ne ake ajiye zanen.

Tekun kuma na gan shi da idona ta tagar jirgi. Ya ruhina, ba kogi ba ne! Kogin Haɗeja ya san ka, ka san shi. Ka san inda yake da zurfi, ka san inda sandar tuƙinka za ta taɓa ƙasa, ka san ko ya yi fushi ya shiga gari yana da watan da zai huce ya koma makwancinsa. Idan kwalekwale ya kife akwai gaɓa, akwai reshen giyayya, akwai kacallar da muke zagi ma da za ka damƙa, akwai wani masunci a kan goransa na iyo da zai ji ihunka ya ce wannan muryar ɗan gidan wane ce. Wancan kuwa jirginmu ya yi ta tafiya, aka kawo abinci, aka ci, aka kwashe, na leƙa, ruwa ne. Ba gaɓa, ba itace, ba tsuntsu. Ina mai iyo zai nufa? Wace sanda ce za ta taɓa ƙasansa? Wa zai san muryarka a can? Iya ruwanka na nan ne, masoyina, kamar yadda bado yake sarki a tafki amma ba ya kwana ɗaya a ruwan gishiri.

Jiya da la'asar Inna ta aike ni wurin ƙanwarta, na zaɓi doguwar hanya, ta kan jingar da ke tare ruwa, don in hango gonarka. Shinkafarka ta sunkuyar da kai, ta fara ɗaukar launin zinariya, iska na bi ta kanta kamar ana shafa bayan mage. Kana tsaye a kan rumfar da ka ɗaga a tsakiya, igiyoyin da ka ja daga kusurwoyin gonar sun haɗu a hannunka. Garken jan-baki ya taso kamar hayaƙi zai sauka, ka fizga, gwangwanayen da ka rataya suka ɗauki ƙara, tsuntsayen suka watse. Na tsaya cak. Igiya a hannu, kusurwa huɗu, fizga ɗaya! Amma kai idan ka fizga, ɓarawon ne yake gudu, kai kana tsaye a kan abinka, ƙirjinka a buɗe, kana yi musu tsawa da muryar da ake ji har ƙetaren ruwa. A can kuwa mai fizgar shi ne mai gudun. Wannan kake so ka sayar da inji ka saya? Kana so ka sauko daga rumfar nan ka je ka zama jan-baki a gonar wasu, saboda ni?

To ka ji ni da kyau, don ban saba magana ba, kuma wadda ba ta saba magana ba idan ta yi ba ta janyewa.

Ban yarda ba. Ban yarda a sa sunana a cikin guzurin wannan tafiyar ba. Idan ka hau motar nan kada ka ce don Nuriyya ka hau, domin Nuriyya ta ce maka a'a da hannunta, a kan takarda, da tawada mai shuɗi. Ba zan zama matar hoto ba. Ba zan zauna duk Juma'a ina jiran murmushin da aka ara a gindin dokin tagulla ba, ina nuna wa maƙwabta, alhali na san abin da ke gefensa. Ba kuma zan zama wadda za a zo a yi wa gaisuwar da ba gawa, ba kabari, ba inda za a nuna a ce nan yake ba. Zuciyata ba ta da wannan ƙarfin, kuma ba na roƙon Allah ya ba ta shi.

Kada ka sayar da injin. Ka je ka ce wa mai sayen ka fasa, kunyar wannan ba ta kai ta wuni ɗaya ba. Idan kuwa aka fara yankan shinkafa ban ji daga Yaya Larai cewa ka sauke wannan niyya ba, to ga abin da zan yi, ina gaya maka tun yanzu don kada ka ce na ci amanarka ta bayan gida. Zan sa hijabina in shiga turakar Baba in durƙusa. Ni da ko an ambaci unguwarku a gabansa sai in tashi in fita, zan buɗe baki in faɗi sunanka, in faɗi Agadas, in roƙe shi ya taka da kansa zuwa wurin kawunka. Na san za ka ji zafi. Na san za ka ce na tona ka a gaban manya, wataƙila ka daina bi ta ƙofar gidanmu, wataƙila ka ce a mayar wa kawunka da maganarsa. Na yi kuka a kan wannan, na gama, na share idona. Na yarda ka yi fushi da ni kana numfashi a Haɗeja. Na yarda in gan ka a kasuwa ka kau da kai. Na yarda ma, Allah ya sani da ƙyar nake rubuta wannan, in ji ana guɗar wata a gidanku, in dai kai ne angon, da ƙafafunka biyu, a kan ƙasar da ta san ka.

Amma ba haka nake fata ba, ya farin watan zuciyata, ya ruwan da ke zuwa bayan an fid da rai! Fatana ya fi wannan tsawo. Jarrabawata ta ƙarshe ta kusa, kuma zan ci ta da yardar Allah, zan wuce gaba, Baba ya riga ya amince. Kai ma takardar sakandarenka tana nan, ba ta ruɓe ba, kuma ba wanda ya san halin fadamar nan kamar ka a cikin samarin da ke karatun noma. Akwai hanyar da ake bi da fasfo a hannu, da rana tsaka, ta ƙofar da ake buga maka hatimi a ce sannu da zuwa. Na bi ta, na san akwai ta. Tana da tsawo, tana da jira, ba kowa take buɗe wa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Idan Allah ya buɗe mana ita, zan kai ka dandalin nan da kaina. Zan shigar da kai ta ƙofar da na shiga, in tsaya in kalli fuskarka lokacin da sama za ta buɗe. Za mu taka duwatsun nan a hankali, hannayenka biyu a sake, ba wanda zai yi fito ka zabura.

In kuma bai buɗe ba, me muka rasa? Ka san abin da na yi sha'awa a wurin nan? Na daɗe ina tambayar kaina. Gidajen suna da kyau, amma ban ji ina son ɗaki a cikinsu ba. Dokin yana da kyau, amma ba ya motsi. Tsohon nan da tsohuwarsa su ne suka biyo ni har gida. Tafiyar nan tasu ta marasa gaggawa, tsayuwar nan da yake yi idan ta tsaya. Wannan kuwa ba sai da dutsen Turai ba. Kan jingarmu ma mota ba ta hawa. Da yamma, idan ruwa ya ja baya, balbelu suna komawa gida a jere, tsuntsayen da ke zuwa dausayin Baturiya daga ƙasashen sanyi suna sauka a fadama, hayaƙin masu bandar kifi yana tashi daga ƙetare, akwai wurin da ya fi nan? Su ma tsuntsayen Turai ɗin nan namu suke zuwa nema! Ina so in tsufa a kan jingar nan a gefenka, Hajjar wasu jikokin, ina tsokanar samarin da za su zo zaure, kai kuma kana ce musu kada su kula ni. To yaya za a yi in tsufa da wanda bai tsaya ya tsufa ba?

Ka yi istihara, Yayana. Ka kalli Yaya Larai da ta rame a tsaye. Ka kalli shinkafarka. Sannan in da sauran wuri a idonka, ka kalli yarinyar da ka ce wa kada ta kalli ruwa, ta kalli gaba. Ta ji maganarka, har yau gaba take kallo, kuma kai take gani a can.

Ni dai ina nan inda kawunka ya bar maganata. Ko kogi ya cika ko ya janye, ko gonarka ta yi albarka ko jan-baki sun riga ka, ko kana da inji ko da guga kake ban ruwa, ba wani zaure da zan leƙa in nemi takalman wani. Na ba Allah wannan alkawarin kafin in ba ka.

Taka, muddin ana kiran salla a Haɗeja,
Nuriyya

Na naɗe takardar na sake buɗe ta, don akwai abin da na kasa roƙo a sama. Wannan ta fito ba da izininka ba, ba na so ta biyu ta fito haka. Akwai sauran maganganu a bakina da ban taɓa samun inda zan ajiye su ba. Za ka yarda in sake rubuto maka? In ka yarda, ka faɗa wa Yaya Larai, ko da kai kaɗai ka gyaɗa mata za ta gane. Sai dai ka sani, takardata ba ta san hanyar Agadas ba, hanyar gidanku kaɗai ta sani. Ka ba ni izini, Yaya, ka kuma zauna inda za ta same ka.